Idan Oga Ya Ce Harba, Alhakin Jinin Yana Wuyan Wa?

Nasiru: Jama'a, ni fa har yanzu ina kan bakana. Sojan da aka ba oda a fagen daga ya aiwatar ba shi da laifi, ko da abin da aka sa shi ya saɓa doka. Laifin na mai ba da odar ne. An rantsar da shi zai yi biyayya, an horar da shi kada ya tsaya tambaya, sannan a dawo a ce shi ne mai laifi?

Zulai: Haba Nasiru. Bindiga dai ba ta harba kanta. Akwai yatsa a kan kunama, kuma yatsan na baligi ne mai hankali.

Nasiru: Yatsan da in ya ƙi ja, mai shi ya tsinci kansa gaban kotun soja. Daga kan kujera kowa jarumi ne, Zulai.

Barista Halima: Ƙanena, wannan hujjar taka an kai ta kotu tun kafin a haifi iyayenmu, kuma ta faɗi. Dokar da aka tsara a Landan a 1945 domin shari'ar manyan 'yan Nazi a Nuremberg ta faɗa a sashe na 8 cewa bin umarnin shugaba ba ya wanke mutum, iyaka a duba shi wajen sassauta hukunci. Keitel da Jodl, manyan hafsoshin Hitler, sun ce su sojoji ne masu biyayya. An rataye su a watan Oktoban 1946.

Nasiru: Anti, ai kin kawo min manya. Waɗannan su ke rubuta odar. Ni maganar kurtu nake yi, ɗan shekara ashirin da bai san komai ba sai hagu-dama.

Barista Halima: Kurtun ma ba a manta da shi ba. Yarjejeniyar Rum ta 1998, wadda ta kafa kotun manyan laifuka ta duniya, ta ba shi mafita a sashe na 33, amma da sharuɗɗa uku a haɗe: doka ta wajabta masa biyayya, bai san odar haramtacciya ba ce, kuma haramcinta bai fito fili ƙarara ba. Odar kisan ƙare-dangi ko ta laifin cin zarafin bil'adama kuwa, an riga an yanke cewa haramcinta a fili yake. Wato ba a ce kurtu ya zama lauya ba. An dai ce ba sai ka je jami'a za ka san harbin jariri ba yaƙi ba ne.

Malam Idi: Barista ta kawo ta boko, bari in ɗora. A Buhari da Muslim, Annabi (SAW) ya tura runduna ya naɗa mata shugaba. Shugaban ya fusata, ya sa aka hura wuta, ya ce su shiga. Suka tsaya kallon juna, suka ce ai gudun wuta ne ya kai mu ga Manzon Allah. Da labari ya isa, ya ce da sun shiga da ba su fita ba, biyayya a cikin abin kirki take. Ga kuma Abdullahi ɗan Umar a yaƙin Banu Jazima. Khalid ɗan Walid, Takobin Allah da kansa, ya ce kowa ya kashe fursunansa. Ɗan Umar ya rantse ba zai kashe nasa ba, mutanensa ma ba za su kashe ba. Da aka dawo, Annabi ya ɗaga hannu ya barranta daga abin da Khalid ya yi, har sau biyu.

Nasiru: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Amma ɗan Umar ya san ba za a ɗora masa takobi a wuya ba. In rai ne a kan rai fa?

Malam Idi: Malaman fiƙihu ba su yi saɓani a kan wannan ba: tilas ba ta halatta kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Jininka bai fi nasa ja ba. Inda suka saɓa shi ne wa za a yi wa ƙisasi, mai tilastawar, ko wanda aka tilasta, ko duka biyun.

Barista Halima: Alƙalai ma sun sha wuya a nan, kada in yi wa Nasiru rowar gaskiya. Dražen Erdemović ƙaramin soja ne a rundunar Sabiyawan Bosniya. A Yulin 1995, bayan faɗuwar garin Srebrenica, aka kai su wata gona su harbe Musulmin da ake kawowa cikin bas-bas. Ya ce ya ƙi, aka ce masa in tausayinsu yake ji ya shiga layinsu. Da bakinsa ya ƙiyasta ya kashe kusan mutum 70. A ɗaukaka ƙara a birnin Hague, alƙalai uku suka ce tilas ba ta wanke mai kisan marasa laifi, biyu suka ƙi yarda. A ƙarshe shekara 5 aka yanke masa.

Nasiru: To kun gani! Uku da biyu. Ashe ba ni kaɗai ba ne.

Zulai: Kana ta maganar bindiga a ƙeya, alhali sau da yawa babu ita. A Yulin 1942 a garin Józefów na Poland, Manjo Trapp ya tara bataliyar 'yan sandan Jamus ta 101, kusan mutum 500, ya gaya musu aikin ranar, ya ba da damar wanda ba zai iya ba ya fito. Kimanin goma sha biyu suka fito. Ba a kashe ko ɗayansu ba. Sauran suka harbe Yahudawa kusan 1,500 kafin dare. Tsoron mutuwa ne ya hana su fitowa, ko kunyar abokai su ce musu ragwaye? Ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Baba Sajan: Yarana, na karanta duka. Shekara 22 na yi da kaki, bari in sa baki. Nasiru yana da gaskiya a abu ɗaya. Runduna ba ta tafiya da muhawara. In an ce ku harba wancan gini, ba ka san abin da oga ya ji a rediyo ba, kuma in ka tsaya bincike gawar abokinka za ka ɗauka. Irin wannan odar ka bi, in kuskure ne yana wuyan mai ba da ita.

Amma duk kun ɗauka muguwar oda tana zuwa da sunanta. Ba ta zuwa haka. Wata rana mun kama mutum uku, an ɗaure musu hannu ta baya da igiyar tanti, suna zaune a gindin mota. Ɗaya ƙafarsa babu takalmi, yana ta roƙon ruwa. Hafsan da ke tare da mu ya zo, bai dube su ba, agogonsa ya duba, ya ce, "Sajan, babu wuri a mota. Ka rage mana kaya." Ya juya zai tafi.

Na ƙame na sara masa, na ɗaga murya yadda yara shida da ke bayana za su ji, na ce, "Oga, ban gane ba. A maimaita odar." Ya tsaya. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce a jefa su bayan mota, mu tafi.

Zulai: Allahu akbar. Baba, shi ke nan?

Baba Sajan: Ina fa, 'yata. Bayan mako biyu aka sami wani laifi a jikin kayana da ban san da shi ba, na kwana goma sha huɗu a gadirum. Igiyar ƙarin girma da nake jira ta wuce ni. Yaran da na ci na sha da su, wasu suka daina zama kusa da ni.

Barista Halima: Baba, abin da ya sami Hugh Thompson ke nan. Shi ne matuƙin helikwaftan Amurka da ya sauka tsakanin sojojin ƙasarsa da mutanen ƙauyen My Lai a Biyetnam, ranar 16 ga Maris 1968, inda aka kashe farar hula ɗaruruwa. Wasu sun kira shi maci amana, sai 1998 aka ba shi lambar yabo. Laftanar Calley, ɗaya daga cikin hafsoshin da suka jagoranci kisan, wanda ya ce oda ya bi, shi kaɗai aka samu da laifi, aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai a 1971, ya ƙare da ɗaurin talala na kusan shekara uku da rabi.

Nasiru: Wannan ai ya ƙara min hujja ne, Anti. Mutum ɗaya! Ina na sama da shi?

Barista Halima: Laifin na sama yana nan, sashe na 28 na yarjejeniyar Rum ya kama kwamanda ko da bai ba da oda ba, in ya sani ko ya kamata ya sani amma bai hana ba. Rashin kama babba zalunci ne. Sai dai ba ya mai da ƙarami marar laifi.

Nasiru: Na sauko daga "ba shi da laifi ko kaɗan". Amma ban yarda a auna kurtu da janar da ma'auni ɗaya ba. Baba, don Allah tambaya ɗaya: da ya maimaita odar a fili, gaban kowa, da sunanta fa?

Baba Sajan: Ɗana, tun ranar nake yi wa kaina wannan tambayar. A lokacin 'yata ta fari tana da wata huɗu, kuma bindigar oga tana ƙugunsa. Ina so in ce maka da na ƙi. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne gwiwata tana rawa cikin wando, kuma bai maimaita ba.