Cigiyar suna ga bindigar da ba ta zaɓen aiki

Jama'a, na zo da cigiya. Kwana uku ke nan ina fassara wani rubutu a kan farauta, na ci karo da abin da Turawa ke kira general-purpose rifle, alƙalami ya cije. Na rubuta "bindiga mai amfani da yawa", na karanta a bayyane, sai na ji kamar mai tallar magani a tashar Kwangila. Na goge.

Bari in fara faɗin abin da ake nufi, don kada mu raɗa wa yaro suna ba mu ga fuskarsa ba. Wanda ya fi yayata wannan ra'ayi shi ne Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan Amurka wanda ya kafa makarantar koyar da harbi ta Gunsite a jihar Arizona. A 1983 ya tara masana suka zauna a kan tambaya ɗaya: idan mutum bindiga guda kawai zai mallaka, yaya ya kamata ta kasance? Abin da ya tsayar shi ne kada tsawonta ya wuce mita ɗaya, nauyinta ya tsaya wajen kilo 3, ta ci harsashin .308 Winchester, kuma ta iya kayar da dabba mai kilo 200 da harbi guda. Ya sa mata suna Scout. Kamfanin Steyr na Ostiriya ya ƙera ta a ƙarshen shekarun 1990, kamfanin Ruger ya fito da tasa a 2011.

Kishiyoyinta su ne waɗanda aka ƙera don aiki guda. Akwai doguwa mai nauyi ta harbin nesa, wadda sai an kwanta an jingina ta. Akwai ta harbin tsuntsu mai watsa ƙananan dalma. Akwai ta giwa da ɓauna, mai tokarin kafaɗa kamar harbin jaki. Kowacce a fagenta ta fi waccan, amma fitar da ita daga fagen, ta zama kaya.

To wannan ne nake nema wa suna, ita da kishiyoyin nata.

Shawara ta farko da aka kawo mini ita ce "bindigar gama-gari". Ta yi daɗin faɗi, amma na ƙi ta nan take. Gama-gari a bakin Bahaushe abin da ya bazu ne, kowa na da shi, kamar yajin aikin gama-gari. A halin da hanyar Birnin Gwari da ƙauyukan Giwa suka shiga a shekarun nan, in ka ce bindigar gama-gari, AK-47 mutane za su ji. Mu kuwa yawan aikinta muke magana, yawan masu riƙe da ita wani zance ne daban.

Wani malamin Hausa da muke shan shayi tare a Samaru ya ce a ɗauki sunan Cooper a fassara, a ce "bindigar magewayi", tunda magewayi shi ne wanda ake turawa gaban rundunar yaƙi ya leƙo. Kalma ce mai kyau, na ji daɗin tono ta da ya yi. Na ce masa, "Malam, Allah ya ƙara sani, amma wannan sunan samfuri ɗaya ne, ni kuwa sunan jinsin nake nema." Ya yarda, muka ajiye ta don Scout ɗin kanta. Ko banza ta fi "sikawut", wanda zai sa mai karatu ya hango yara da gajeren wando da ƙyalle a wuya.

An kawo "sha-kundum". Wannan ta yi cika baki. Sha-kundum ya haɗiye kowa ne, ya fi kowa, ita kuwa wannan bindiga ba ta fi kowa a komai ba.

Inda zancen ya warware shi ne wajen wani dattijon maharbi da ke zuwa cin kasuwar Tudun Wada, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana farauta a bayan Kufena da bindigar toka. Na kwashe bayanin nan duka na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai adda kake nufi." Na ce, "Baba, kamar yaya?" Ya ce manomi yana da lauje na yankan shinkafa, da magirbi, da sungumi na shuka, da gatari na faskare. Amma in zai shiga daji bai san abin da zai tarar ba, adda yake ratayawa. Tana sara, tana yanka, tana tono in ta kama. Ba ta kai gatari a kan itace ba, ba ta kai lauje a kan ciyawa ba, sai dai ba ta barin ka hannu rabbana. Ya ce su ma da bindigar toka haka suke yi, yawan albarushi da irin abin da ka ɗura ne ke bambanta ta zabo da ta gada. Sannan ya ce, "Komai-da-ruwanka ke nan."

Nan na tsaya. "Bindigar komai-da-ruwanka."

Na san abin da za a ce, an ma riga an faɗa mini: kalmar tana da ɗan zambo a ciki, da ita ake yi wa mai shisshigi ba'a. Ni wannan zambon ne ya sa na so ta. Muhawarar da masu farauta ke yi a kan wannan bindiga ke nan. Masu yabonta na cewa mutum ɗaya, bindiga ɗaya, ya san ta kamar tafin hannunsa, ba ya sayen harsashi iri uku, ba ta gajiyar da shi a doguwar tafiya. Masu kushe ta na cewa gajeren bututu yana rage wa harsashi gudu, rashin nauyi yana ƙara tokari, kuma madubin hange mai ƙaramin ƙarfi da Cooper ya sa a gaba ba ya nuna nesa sosai. Kalma ɗaya ta ɗauki yabon da sukar.

Wani tsohon soja a Sabon Gari, wanda ya yi horonsa a Daffo nan Zariya, ya gyara mini abu guda. Ya ce tunda bindiga mace ce, me ya sa ba "komai-da-ruwanki" ba? Na ce, "Yallaɓai, kalmar ta riga ta daskare. Ko mace ce mai shiga sharo ba shanu, 'yar komai-da-ruwanka ake ce mata." Bai gamsu sosai ba, har yanzu yana kan bakansa.

Kishiyoyin kuwa ban wahala ba: "bindigar aiki ɗaya". Na guje wa "ta musamman", don mun tsufar da musamman, har shayi ma na musamman ne yanzu.

Abin da ya rage mini shi ne kalmar raiful kanta. Abin da ya raba ta da bindigar tsuntsu shi ne zane mai murɗiya a cikin bututu, wanda ke sa harsashi ya fita yana juyi kamar katantanwa, ya tafi a miƙe. Muna da libarba, muna da igwa, muna da mai jigida, muna da mai baki biyu, amma wannan duk "bindiga" muke ce mata. A fassarar na bar ta raiful. Kafin wani ya tambaye ni inda ake sayarwa, Dokar Makamai ta 1959 ta sa raiful ɗin soja mai harsashin milimita 7.62 cikin jerin haramtattu, shi kuwa .308 ɗan uwansa ne na jini. Ni kalma nake nema. Wanda ya taɓa jin abin da maharban Zazzau ko tsofaffin 'yan sanda ke kiran mai murɗaɗɗen ciki, ya taimaka mini kafin Juma'a, ranar zan miƙa aikin.