Me zan karanta kan talakawan Amurka bayan yaƙin duniya na biyu?

Ɗalibar Tarihi: Assalamu alaikum 'yan zaure. An ba mu aiki kan Amurka bayan 1945, amma duk abin da na samu labarin daula ne: motoci, firji, sababbin gidaje. To ina talakawansu suka shiga? A taimaka mini.

Malam na Zariya: Wa alaikumus salam, 'yata. Fara da The Other America na Michael Harrington, 1962. Ya ƙiyasta matalautan ƙasar sun kai miliyan 40 zuwa 50, kuma abin da ya fi ci masa rai shi ne ba a ganinsu. Manyan tituna sun kauce wa unguwanninsu, tufafi sun yi araha har maras shi ya saje da mai hali. Ko lissafin gwamnati na 1959 ya nuna kashi 22 cikin ɗari.

Ɗan Damagaram: Ƙanwata, nemi Harvest of Shame a intanet, shirin da Edward Murrow ya gabatar a gidan talabijin na CBS a 1960. Leburorin gona ne masu bin kaka daga Florida zuwa arewa. An nuna shi kashegarin bikin godiyarsu na shekara, bayan kowa ya ƙoshi da abin da waɗannan bayin Allah suka tsinka. Wallahi 'yan ci-raninmu na tuna.

Hajiya Babba: Allah gafarta Malam, Harrington kaɗai ba zai ishe ta ba. Ta bi maganar gidaje. Dokar 1944 ta yi wa sojojin da suka dawo alkawarin karatu da lamunin gida, amma ofisoshin gari da bankuna aka bar wa rabon. A Mississippi a 1947, cikin lamuni sama da 3,000, biyu kacal suka kai ga baƙar fata. A Levittown ma, sabuwar unguwar da aka gina bayan yaƙin, ba a sayar musu da gidaje ba. Alhali gida shi ne gadon da uba ke bar wa 'ya'yansa, wanda aka hana a lokacin har jikokinsa sun ji a jikinsu. Ira Katznelson ya yi bayaninsa a When Affirmative Action Was White.

Malam na Zariya: Gaskiyarki, Hajiya. Kada kuma ta manta da fararen fatar da ke zaune a tsaunukan Appalachia, inda injuna suka raba masu haƙar kwal da aikinsu. Shugaban ƙasa Lyndon Johnson ya shelanta yaƙi da talauci a Janairun 1964, a Afrilu ya taka har yankin nasu a jihar Kentucky.

Ɗalibar Tarihi: Allah ya saka da alheri. Yau da dare zan kalli na Murrow. Hajiya, wane babi ne ya yi maganar sojojin?