Muhawara: Gina Vim daga tushe ɓata data ne, ko dole ne?

Malamin Agege: Jama'a, ra'ayina ke nan: mai Ubuntu (wani nau'in Linux) ba shi da dalilin harhaɗa Vim, editan rubutun nan, daga kod ɗinsa da hannunsa. Kana son kwafi da liƙawa su yi aiki da sauran manhajoji? Sa kunshin `vim-gtk3` da apt, manhajar girka kunshi ta Ubuntu, an gama. Ga tsadar data a Legas, ga ɗaukewar wuta ana tsakiyar `make`, umarnin da ke harhaɗa shi. Wahalar me?

Injiniyan Yaba: Malam, maganar kwafi na yarda. Amma Ubuntu 22.04 da Vim 8.2 take zuwa, alhali 9.0 ya fito tun 2022, 9.1 kuma a farkon 2024. In edita na mutuwa da saƙon "Caught deadly signal SEGV", abu na farko da masu kula da shi za su tambaya shi ne ko matsalar na nan a sabon kod. Da tsohon kunshi ba ka da amsa. Data kuwa, sauko da kod ɗin da `git clone --depth 1` ya rage ta sosai.

Hajiyar Obalende: Ƙanina, wannan `--depth 1` ɗin yana da tarko. Ba ya kawo tarihin canje-canjen kod, kuma `git bisect`, mai gano canjin da ya kawo matsala, da tarihi yake aiki. Ranar da ka so gano canjin da ya kawo ɓarnar, sai ka yi `git fetch --unshallow`, datar da ka adana ta tafi.

Malamin Agege: To kun gani. Kuma da yawa daga masu ginawa a `configure`, matakin duba na'ura kafin `make`, suke maƙalewa.

Injiniyan Yaba: Maƙalewar sananniya ce ai. In ya tsaya yana cewa bai sami `tgetent` ba, `libncurses-dev` ce babu. Wadda ta fi cuta ita ce wadda ba ta tsayawa: ka ba shi `--enable-python3interp` ba tare da `python3-dev` ba, ya wuce shiru, sai daga baya `vim --version` ya nuna maka `-python3`, wato an gina shi babu Python. Maganinta `--enable-fail-if-missing`. Haka in babu `libx11-dev` da `libxt-dev`, `-clipboard` za ka gani, wato babu kwafi da liƙawa da sauran manhajoji. Bayan ka sa su kuma, kada ka sake `configure` kai tsaye, domin yana tuna tsohon sakamako a `src/auto/config.cache`. Yi `make distclean` tukuna.

Hajiyar Obalende: Ni inda na raba hanya da ku duka shi ne `sudo make install`. Mai neman tangarɗa kada ya yi shi sam. Na ɗaya, Makefile na Vim yana bi da fayil ɗin ta `strip` wajen girkawa, alamomin bin diddigi da `-g` ya sa duk su zube, gdb, manhajar farautar tangarɗa, ya ba ka adireshi tsirara babu sunan fayil babu lambar layi. Na biyu, yana sauka a `/usr/local/bin`, wanda ke gaban `/usr/bin` a PATH, jerin wuraren da ake neman umarni, sai ya rufe na apt, kuma apt ba ta san da shi ba balle ta sabunta shi. Gina da `CFLAGS="-g -O0"`, ka tsaya cikin `src`, ka kunna shi da `VIMRUNTIME=../runtime ./vim --clean`. In bai mutu da `--clean` ba, laifin na vimrc ne, fayil ɗin saitinka, ko wani fulogin (plugin), sai ka riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya.

Malamin Agege: Hajiya, gdb da Vim a taga ɗaya ai rikici ne, allon yakan hargitse.

Hajiyar Obalende: Shi ya sa ake buɗe taga biyu. Vim a ɗaya, a ɗayar `sudo gdb -p` da lambar aikin Vim (PID), sannan `continue`. Sudo ɗin saboda Ubuntu ta sa `ptrace_scope` a 1, wanda ke hana gdb kama aikin da ba shi ya kunna ba. Da Vim ya faɗi, rubuta `bt` a gdb ka ga inda ya faɗi.

Injiniyan Yaba: Ƙari ɗaya. Wani lokacin `-O0` yakan ɓoye matsalar, ta ƙi fitowa, musamman in ana taɓa ma'ajiyar ƙwaƙwalwa (memory) da aka riga aka saki. Nan sai `-fsanitize=address` a CFLAGS da LDFLAGS duka. Zai yi nauyi, amma zai nuna layin da aka saki da layin da aka sake taɓawa.

Malamin Agege: Don farautar tangarɗa, na sauko. Don aikin yau da kullum kuwa ina nan kan apt, saboda facin tsaro da ke zuwa da kansa. Wanda ya gina nasa, wa zai tuna masa ya sake ginawa?

Injiniyan Yaba: Babu, Malam, nauyinsa ne. In dai zai girka, ya sa `--prefix=$HOME/.local`, ya yi `hash -r`, ya duba `which vim` kafin ya ɗora wa kowane laifi.