Gidan tarihi a Maraɗi: wa za a tambaya kafin a aza tubali?

Malam Sani: Assalamu alaikum ƴan uwa. Jiya a majalisarmu bayan isha'i aka tada zancen cewa ya kamata Maraɗi ta samu gidan tarihi nata na kanta, wanda baƙo zai shiga ya san ko mu su wane ne. Kowa ya yarda. Inda aka rabu shi ne da na ce in an tashi yi, ba sai an bi unguwa-unguwa ana tambayar jama'a ba. Fada na nan, malaman Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo na nan. Su zauna su tsara, a gina. Tarihi ba zaɓe ba ne. Har yanzu ina kan bakana.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam Malam. Wane tarihin? In jerin sarakuna ne, daga Ɗan Kasawa da ya taso da Katsinawa bayan jihadi har kan Ɗan Baskore da na bayansu, to fada ta fi kowa sani, ba gardama. Amma garin da muke ciki yau, ruwa ne ya maido shi kan tudu. A 1945 Gulbi ya cinye tsohon gari. Kakata tana budurwa lokacin. Har ta koma ga Allah tana ba mu labarin daren nan: yadda katangun ƙasa suka riƙa zubewa, wa ya goya wa, abin da uwarta ta ɗauka da abin da ta bari. A Bagalam da Mokoyo da Ɗan Gulbi akwai gidaje da yawa masu irin wannan labari, kuma bakin mata yake. Wa zai kai shi zauren da za ku zauna?

Malam Sani: Hajiya, ai aikin masu bincike ke nan, su je su ɗauko.

Hajiya Rabi: Ɗauko daban, shawara daban. Wanda ya zo ɗauko ya riga ya yanke abin da yake so.

Abdul-Aziz: Baba Malam, a gafarce ni in sa baki. Na taɓa zuwa wani taro da aka kira na jin ra'ayin jama'a kan wani aiki a unguwarmu. Ƙarfe goma na safe, ranar aiki, kowa na kasuwa. Da Faransanci aka yi bayani daga farko har ƙarshe, zanen ginin ma an riga an buga shi an liƙa a bango. Aka zagaya da takarda muka sa hannu, aka ɗauki hoto. Tsohon da ke kusa da ni ya tambaye ni a hankali, "Ɗana, me aka ce?" In irin wannan ce shawarar, gara a bi maganarka a huta. Amma ba ita muke nufi ba. Tun 2025 doka ta ce Hausa ce harshen ƙasa. A yi da Hausa, da la'asar, a ƙofar mai unguwa, na mata a cikin gida. A buɗe layi a rediyo mutanen ƙauye su bugo.

Malam Sani: Shekara nawa za a kwashe ana haka? Lokacin Maraɗi Kwalliya, bikin ranar jamhuriya da aka yi a garin nan a 2015, mun ga aiki ya tashi cikin watanni.

Abdul-Aziz: Wancan biki ne mai rana, 18 ga Disamba ba ta ɗaguwa. Gidan tarihi ba wanda ke korarmu.

Baba Illa: Ni baduku ne, ɗan baduku. Ban yi lakwal ba, jikana ke rubuta mini. Fatar jar akuyar Maraɗi duniya ta san ta. Abin da nake tsoro shi ne a saye jakata guda a kulle cikin gilashi, a rubuta "aikin mutanen da", alhali ina raye ina neman mai saye. Na je gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, wanda aka buɗe tun 1959. Abin da ya burge ni, masu sana'a na zaune a ciki suna aiki, baƙo na gani yana ciniki. In an tambaye mu, rumfa za mu roƙa, da inuwa, da ruwa. Majema da maƙera da marina ma a tambaye su, kowa da buƙatarsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Nana Hadiza: Ni da keken guragu nake yawo. Matakala uku ta isa ta hana ni shiga. Gyara ta a kan takarda kyauta ne, bayan an zuba siminti sai an fasa.

Malam Sani: Maganar Baba Illa da ta Nana na karɓa, wannan gyaran gini ne. Amma bari in faɗi abin da ke cina tun jiya, wanda kowa ke kewayewa. Ranar da kuka buɗe ƙofa ga kowa, za a zo kan bori. Wasu za su ce ba a ba da tarihin Maraɗi ba tare da sarautar Iya ba, wato shugabar ƴan bori ta fada, kamar yadda ba a ba da na Tsibirin Gobir ba tare da takwararta Inna ba. Wasu za su ce ba za a sa kuɗin jama'a a nuna shirka ba. Kun san garin nan. Masana za su iya rubuta layi biyu a natse su wuce. Taron unguwa ba zai iya ba.

Hajiya Rabi: Wannan ita ce maganarka mai nauyi, Malam, kuma ban raina ta ba. Ni ma ba na bori, ƴaƴana a islamiyya suke. Amma layi biyun da za a rubuta a ɓoye, ranar buɗewa kowa zai karanta su. Gara malamai su ji tun ana zane, a tambaye su ta yaya za a faɗi abin da ya faru ba tare da an ce a yi koyi da shi ba. A tambayi gidan Iya su ma me suka yarda a nuna, me suke so a bar musu. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Wataƙila a ƙare an ajiye ɗakin gaba ɗaya sai wani lokaci, amma a ce mu muka ajiye.

Malam Sani: In suka kasa daidaitawa fa? Wa zai yanke?

Abdul-Aziz: Hukuma da fada, Baba, kamar kullum. Sai dai su dawo inda suka yi tambaya su ce ga abin da muka ɗauka, ga wanda muka bari, ga dalili.

Malam Sani: Kan bori ban sauka ba, har yanzu ina ganin a bar wa masana. Amma Hajiya, cikin tsaran kakarki akwai wadda ta rage?

Hajiya Rabi: Akwai ƙanwarta a Mokoyo, ta haura tamanin da biyar, tana ƙarama aka goyo ta zuwa tudu. Idonta ya tafi amma hankalinta garau. Ranar Juma'a bayan la'asar zan je. Abdul-Aziz, ka zo da wayarka da caji.