Wanda ya tura kaya a mota, me za a kira shi a rasit?

Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Atamfa da shadda nake sayarwa a Kantin Kwari, kusan kullum sai na yi webil, wato tura kaya a mota, zuwa Katsina, Gusau ko Maraɗi. Ina so in buga littafin rasit da Hausa. A gurbin wanda ya tura kaya me zan sa? Da "mai kaya" muke rubutawa, sai watan jiya ta ja mini. Yarona ya rubuta "mai kaya" a jikin dila, ya sa lambata a ƙasa. Dilar ta kwana 3 a tasha ana ta kiran layina da ke kashe, ita kuwa Hajiyar da ta biya kuɗinta tana can tana jira, ga biki ya matso. Har yau kunyarta nake ji.

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam Alhaji. Sa "mai aikawa" a sama, "mai karɓa" a ƙasa. Ka lura da wasalin ƙarshe: aika daga nan zuwa can ne, aiko kuwa daga can zuwa nan, kamar tura da turo. A bakin Hajiya kai ne mai aikowa, amma tunda a shagonka ake cike rasit, aikawa ce daidai. Kada dai ka sa "ɗan aike", wannan shi ne wanda aka tura, wato yaronka.

Direban Maraɗi:
Alhaji, Allah ya kiyaye gaba. Mu a tasha in aka ce mai kaya, wanda zai zo ya ɗauka muke nufi, shi muke kira tun muna Jibiya. Ka riƙa sa lamba biyu, ka kuma rubuta ko an biya kuɗin mota ko sai an sauke. Rigimarmu da mutane duk a nan take.

Uwar Biyu:
To "mai sautu" fa? Mu haka muke cewa.

Malamin Hausa:
Hajiya, sautu daban ne. Kuɗi kika ba mai tafiya ya sayo miki ya taho da shi. A nan kayan na hannun Alhaji, direba kaiwa kawai zai yi.

Ɗan Kwari:
Na gode ƙwarai. Gobe zan kai wa mai buga rasit, har da layin kuɗin motar.