Jirgin Aud: Jamus ce ta yi yaudara, ko masu tarba ne suka yi sake?

Malam Sabo: Assalamu alaikum. Jiya na ce Jamus ce ta yaudari 'yan Ayalan a kan jirgin Aud, wasu suka ce sam. Bari in shimfiɗa maganar saboda waɗanda ba sa nan. A 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, masu neman 'yancin Ayalan suka shirya yi wa Birtaniya tawaye a makon Ista, suka nemi taimakon Jamus. Jamus ta ɗauko wani jirgin tururi na dakon kaya, asalinsa ma na Ingila ne, sunansa Castro, an ƙera shi a Hull, Jamusawa suka riƙe shi a mashigin Kiel da yaƙi ya ɓarke a 1914, suka sa masa suna Libau. Aka yi masa shigar burtu da sunan wani jirgin Norwe mai suna Aud, aka danƙara masa bindigogi 20,000, masu jigida 10, harsashi kusan miliyan ɗaya, aka lulluɓe da katako. Ya bar tashar Lübeck ta Jamus ranar 9 ga Afrilu. Ranar 22 ga wata yana kwance a ƙasan teku a bakin tashar Cork da ke kudancin Ayalan, ko bindiga ɗaya ba ta taɓa tudu ba. Hujjata ita ce: an nemi sojoji da hafsoshi da igwa, sai aka aiko da tsofaffin bindigogin ganima da aka ƙwace daga hannun Rashawa, a jirgin da ko wayar iska babu. Mai son ka yi nasara ba zai yi maka haka ba.

Injiniya Ɗanlami: Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya gafarta maka, ka tsallake tsakiyar labarin, kuma nan ne naman yake. Kyaftin Karl Spindler da mutanensa sun bi gaɓar Norwe har can arewa inda sanyi yake yanka, suka zagayo ta bayan Sukotlan, suka ratsa shingen sojan ruwan Birtaniya, wanda ya fi kowane ƙarfi a duniya a lokacin. Ranar Alhamis 20 ga Afrilu suna cikin mashigin Tralee, a yankin Kerry na Ayalan. Alkawarin farko shi ne tsakanin 20 da 23 ga wata. Sun zo a ranar farko. Wa ya tarbe su? Babu kowa. Na yi shekaru ina aiki a tashar jiragen ruwa, na ga yadda ƙaton jirgi yake jefa anga a waje ya tsaya cik har sai ɗan ƙaramin kwalekwalen jagora ya iso, jagoran ya kama tsanin igiya ya hau. Kyaftin ko ya kai wa gwaninta, a ruwan da bai sani ba makaho ne. Spindler ya kwana yana duban gaɓa yana jiran koriyar fitilar da aka ce za a haska masa, har gari ya waye.

Hauwa: Yaya Ɗanlami, to me ya hana su zuwa? Mantawa suka yi?

Injiniya Ɗanlami: Ba mantuwa ba ce, ƙanwata. Shugabannin da ke Dublin ne suka sauya shawara, suka ce kada a sauke makaman kafin daren Lahadi 23 ga wata, don kada hukuma ta farga tun ba a tashi ba. Saƙon ya bi ta hannun John Devoy, wakilinsu a New York, ya shiga ofishin jakadancin Jamus a Washington, sannan ya isa Berlin. Kafin ya isa, jirgi ya riga ya tashi. Su kuma mutanen Kerry aka gaya musu Lahadi, suka zauna jiran Lahadi.

Malam Sabo: Ai ka kawo ni gida, Injiniya. Da akwai wayar iska a jirgin, da saƙon ya riske shi a teku. Wa ya tura shi kurma? Jamus.

Injiniya Ɗanlami: A ganina dole ce ta sa. Kana kwaikwayon ƙaramin jirgin katako na Norwe, sai a gan ka da na'urar aika saƙo? Duk sojan da ya hau bincike nan zai fara tambaya. Abin da ba zan yafe ba shi ne, wanda ya sauya rana a ƙurarren lokaci, ta hanyar da saƙo ke zagaya rabin duniya, bai ajiye ko mutum biyu a bakin teku tun Alhamis ba, don ko-ta-kwana. Mutum biyu da fitila kawai.

Anti Rabi: Ku bari in sa baki, ni da nake zaune a Cork ina aikin jinya. Na ga ɗaya daga cikin bindigogin nan da idona a gidan tarihin garin. Tsatsa ta cinye ƙarfen, katakon ya yi baƙi ƙirin kamar itacen da wuta ta lasa. Na daɗe a tsaye a gabanta. Amma ku biyun kun manta da na uku a cikin ɗakin. Sojan ruwan Birtaniya suna da wani sashe da ake kira Room 40, suna warware saƙonnin sirri na Jamus tsakanin Washington da Berlin. Sun san makamai na tafe wajen Ista. An faɗakar da Admiral Bayly, kwamandan sojan ruwansu a Queenstown, garin da yau ake kira Cobh, jiragensa na sintiri a yammacin ƙasar. Ko da an haska fitilar, sauke bindigogi 20,000 a gadar sauke kaya ta Fenit da ke mashigin Tralee, a loda a jirgin ƙasa zuwa Limerick da Galway, ba aikin sa'a ɗaya ba ne.

Mustafa: Anti, in sun sani haka, ya aka yi jirgin ya yi kusan kwana guda a Tralee ba a taɓa shi ba? Har ma wani ƙaramin jirgin sintirin Birtaniya ya matso, mutanensa suka hau suka duba takardu suka tafi. Sanin cewa jirgi na zuwa daban, sanin wane jirgi ne daban. Wannan daren Alhamis ɗin ƙofa ce a buɗe, aka bar ta ta rufe.

Anti Rabi: Gaskiyarka a nan, ɗana. Amma ƙofar ƙarama ce.

Baba Isa: 'Ya'yana, maganar "tsofaffin bindigogi" ce ban yarda da ita ba. Mosin-Nagant ce. Da ita sojan Rasha ya yi yaƙin duniya na ɗaya, da ita ya yi na biyu. Ku tambayi mutanen Liam Mellows, jagoran tawayen a Galway, ɗaruruwa suka fito a makon nan, yawancinsu da bindigogin harbin tsuntsu da māsu. Da an miƙa musu wannan "tsohuwar", da hannu biyu za su karɓa.

Malam Sabo: Baba, ran ka ya daɗe, ban ce ba ta harbi ba. Harsashinta na Rasha ne, babu irinsa a Ayalan. Miliyan ɗaya a raba wa bindiga 20,000, kowace ta samu 50. In sun ƙare fa? Sanda ce ta rage a hannu. Kuma shaidata ba ƙarami ba ne: Roger Casement, ɗan Ayalan ɗin da ya zauna a Jamus yana neman taimakon. Mutumin da ya yi aikin gwamnatin mulkin mallaka a Kalaba tun shekarun 1890, ya fallasa zaluncin roba a Kwango a 1904, ba yaro ba ne a sanin halin manyan ƙasashe. Da ya ga abin da aka bayar, sai ya hau jirgin ƙarƙashin teku U-19 ya taho da niyyar ya ce a dakatar da tawayen. Ya sauka a gaɓar Banna ta Kerry ranar Juma'a 21 ga wata, jiƙe, ba lafiya, aka kama shi. An rataye shi a London ranar 3 ga Agusta. Shi da ya ga Jamusawan ido da ido ya yanke cewa ba da gaske suke ba.

Injiniya Ɗanlami: Na yarda Jamus don kanta take yi, so take a raba hankalin Birtaniya daga fagen Faransa. Ba wanda ya ce soyayya ce. Amma yaudara ita ce ka ce za ka kawo ka ƙi. Sun faɗi abin da za su bayar, Devoy ya ce a kawo, suka kawo. Ciwon yana cikin gida, Malam. 'Yan kwamitin sirri, su Pearse da Clarke da Plunkett, sun ɓoye shirin har ga shugaban dakarun sa-kai, Eoin MacNeill. Da ya ji jirgi ya nutse, ya sa aka buga a jarida ranar Lahadi cewa an soke fita. Shi ya sa aka tashi Litinin 24 ga wata, kusan Dublin kaɗai, ranar Asabar 29 Pearse ya miƙa wuya. Ka duba tashar Larne da ke arewacin Ayalan a Afrilun 1914: masu goyon bayan zama da Birtaniya sun sauke bindigogi kusan 25,000 a dare ɗaya daga jirgin Clyde Valley, motoci jere suna jira a bakin gada. Bambancin yana kan tudu.

Malam Sabo: Larne lokacin zaman lafiya ne, kuma hukuma ba ta ɗauki waɗancan a matsayin abokan gaba ba. Kada ka haɗa kifi da kaska.

Hauwa: Ni abin da ya tsaya mini a rai mutum ukun nan ne da aka tura Kerry su samo na'urar wayar iska. Daren Juma'a direbansu ya ɓata hanya a duhu, motar ta zarce ta kan gadar Ballykissane ta faɗa kogi, suka nutse. Jirgin kuma a lokacin ya riga ya shiga hannu.

Anti Rabi: Haka ne. Yammacin Juma'ar jiragen Birtaniya suka tare shi, ɗayansu mai suna Bluebell ya tasa shi gaba zuwa Queenstown. Da safiyar Asabar, dab da shiga tashar, kusa da dutsen Daunt, Spindler ya sa mutanensa suka cire kayan Norwe suka sa kakin sojan ruwan Jamus, suka ɗaga tutarsu, suka tayar da nakiyar da suka dasa a cikin jirgin, suka sauka a kwalekwale suka miƙa wuya. Daga baya mai nutso ya ciro bindiga daga ciki aka kai kotu shaida a kan Casement. A 2012 aka ɗago angarsa biyu.

Malam Sabo: Injiniya, na ba ka maganar mutum biyu da fitila, wannan sakaci ne na masu tarba, ba musu. Amma harsashi 50 ga kowace bindiga yana nan, ba ka amsa shi ba.

Injiniya Ɗanlami: Zan amsa bayan la'asar, Malam, yanzu an kira salla a nan. Kafin nan ka lissafa mini harsashi nawa mutanen Mellows suke da shi a Galway.