Neman taimako: bitar WordPress ba tare da intanet ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. A nan Garwa ta ƙasar Kamaru ana shirya taron masu gina shafukan intanet, kuma an ce duk mai son gabatar da jawabi ko bita ya miƙa takardarsa. Ni bita nake so in yi, don jawabi zalla ba ya koya wa mutum komai sai ya taɓa da hannunsa. Burina tela ko mai sayar da atamfa ya fita da shafinsa na WordPress, wato manhajar gina shafin intanet.

Ga inda na maƙale. Yawancin masu zuwa waya kawai gare su, intanet ɗin zauren kuma ba abin dogaro ba ne. Sai na saka XAMPP, manhajar da ke sa kwamfuta ta buɗe shafi ba tare da intanet ba, a kwamfutata tare da WordPress, na haɗa wayoyi da ita ta waifai. Shafin farko yana buɗewa, amma babu hotuna, kuma da an danna shiga sai ya koma localhost, adireshin da kwamfuta ke kiran kanta da shi, wayar ta ce ba ta samu ba. A ina ake gyara wannan adireshin? Kuma kwamfuta ɗaya za ta ɗauki mutum 20 lokaci guda?

Sannan da Faransanci zan rubuta takardar, ko Hausa ta wadatar? Don Allah a taimaka, ranar Juma'a za a rufe karɓa.